Agyekum da Ƙofar 'Yan Kyauta

Akwai wani bawan Allah a Kumasi da ake kira Agyekum, mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Suame. Shagonsa ba wani babba ba ne, amma idan ka ji yana magana sai ka rantse rabin motocin garin da izininsa suke tashi. Irin mutanen nan ne da ko gaisuwa za su amsa sai sun duba takalminka tukuna.

Yana da amini guda ɗaya, Boadu, direban motar haya. Unguwa ɗaya suka taso. Tare aka kore su daga ajin waƙar coci saboda dariya, tare kuma suka fara zuwa shagon intanet tun zamanin da ake biya da awa. A can suka gano wani wasa mai suna Tsibirin Ƙarfe, inda mutane daga ƙasashe daban-daban ke shiga su yi yaƙi, su yi ciniki, su kafa ƙungiya. Wasan ba na banza ba ne. Duk wata sai ka biya, in ba ka biya ba, ba ka shiga.

Su biyun suka kafa ƙungiyar Beguwa. Agyekum ne shugaba, don haka 'yan ƙungiya suka laƙaba masa Nana, kamar wani basarake. Da wasa aka fara, sunan ya zauna, har shi ma ya fara yarda.

Shekara da shekaru suna tara dutse da katako na cikin wasa, har suka gina fada a kan tudu, da hasumiyarta da babban zaurenta. Boadu ne ya tsara zauren, ya jera kujeru a zagaye yadda ake zaman dangi.

Kada wani ya ce mini ai wasa ne kawai. Duk Lahadi, bayan an taso daga coci an cika ciki da fufu, jama'a ke haɗuwa a zauren nan, kowa da abin magana a kunne. Akwai na Kumasi, akwai na Takoradi, akwai waɗanda neman abinci ya jefa Hamburg da Toronto, ba su da inda za su ji harshen gida sai nan. A zauren ake sanar da haihuwa. A zauren aka taɓa sasanta wani da matarsa. Yaƙin ma sau da yawa mantawa ake yi da shi, hira ta cinye yinin.

Kwatsam sai Boadu ya daina zuwa.

Bai yi sallama ba, bai bar saƙo ba. Kuma a tsakiyar kakar yaƙi ne, har Beguwa ta rasa wata gada da shi ke tsaronta. Abin ya tsaya wa Agyekum a wuya. Ya kira shi a waya, ya fara da faɗa kafin gaisuwa.

Boadu ya bari sai da ya gama, sannan ya ce, "Jiki ne ya ɗan matsa mini, mutumina. Zan dawo."

Daga baya labari ya fito. Ƙoda ce. Yana zuwa asibiti ana masa wankin ƙoda, motar ma an sayar. Wanda ke wannan hali, ina ya ga kuɗin wasa?

Agyekum ya ce zai je ya duba shi. Daga Suame zuwa Tafo inda Boadu yake, ko a ƙafa mutum ya je ya dawo bai gaji ba. Amma wannan makon kaya sun iso, wancan makon akwai jana'izar surukin wani. Ya tura masa ɗan wani abu ta waya, ya ji kamar ya sauke nauyi. Da kwanaki suka yi nisa sai kunya ta kama shi, kuma ka san mai girman kai ba ya iya riƙe kunya, sai ya juya ta ta koma fushi.

"Shi ma ai bai neme ni ba," haka yake faɗa wa kansa. "Ni kaɗai ke da waya?"

Ana nan sai kamfanin wasan ya fitar da sanarwa: daga yanzu Tsibirin Ƙarfe kyauta ne. Kowa ya shigo. Wanda ya ga dama ya ci gaba da biya, za a kewaye jaruminsa na cikin wasa da hasken zinare, kowa ya san shi daga nesa. Mai biya ne kaɗai zai iya riƙe fada. Shugaban ƙungiya kuma shi ke da iko ya bar 'yan kyauta su shiga fadarsa ko ya hana.

Mako bai zagayo ba tsibirin ya cika maƙil. Yara, ɗalibai, 'yan zaman banza, kowa da riga mai ruwan toka irin ta sabon shiga. Suna tsalle a kan rufin kasuwa, suna bin mutum suna roƙon takobi. Wani ma ya tsaya gaban Agyekum yana rawa, ya ce masa, "Baba mai fitila, ɗan haska mini nan."

Ranar Lahadi aka zauna a zaure kan magana ɗaya: a ci gaba da biya ko a daina?

Tiwaa ce ta fara. Mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia, ita ce maharbiyar ƙungiya, kuma bakinta ya fi kibiyarta kaifi.

"Nana, ni dai na duba na sake dubawa. Abin da nake yi jiya da kuɗi, yau ina yinsa ba ko kwabo. Don me zan biya? Don in riƙa walƙiya kamar motar amarya? Kai ka biya tunda kai ke riƙe da fada, mu riƙa taimaka maka. Saura kowa ya huta."

Wani daga Hamburg mai suna Twumasi ya ce, "Ta faɗi gaskiya. Nan kuɗin wuta kaɗai ya isa ya sa mutum kuka."

Agyekum ya daki tebur har aka ji ƙarar a kunnuwa.

"Ashe haka kuke? Duk shekarun nan muna zuba guminmu, yau a wayi gari mu da ɗan da ya ari wayar uwarsa mun zama ɗaya? Ba a fadata ba. Beguwa ta masu biya ce. Wanda ya daina biya ya daina zama Beguwa. Na gama magana."

"Fadarka?" in ji Tiwaa. "Yaushe ta zama taka kai kaɗai?"

A take Agyekum ya shiga ya kulle ƙofa ga 'yan kyauta. Jama'a suka yi ta gunaguni, amma yawancinsu suka biya na wannan watan, don ba wanda ke son rasa zaman Lahadi.

Lahadin da ta biyo baya, ana tsakar hira, sai aka ga wani mai rigar toka ya hau tudu ya tsaya a bakin ƙofa. Wanda ke bakin ƙofa yana iya magana a ji shi a ciki.

"Agoo! Masu gida suna nan kuwa?"

Zauren ya kaure da ihu. Muryar ta yi laushi, numfashin ya yi gajere, amma ba wanda bai gane ta ba.

"Boadu! Kai, Boadu ne!"

"Direba! Ina ka shiga?"

Boadu yana dariya yana tari. "Ina nan, ina nan. Ɗan ƙanwata ne ya ce mini wai wasanku ya zama na talakawa. Na ce to lokacinmu ya yi. Nana, ƙofar nan ta ƙi buɗuwa. Ko ta manta wanda ya kafa ta?"

Kowa ya koma jiran Agyekum.

Allah ya sani, zuciyarsa ta buga da ya ji muryar. Yatsansa har ya kai kan maɓallin buɗewa. Amma sai ya tuna mako ɗaya kacal da ya daki tebur. Ya tuna duk suna saurare. Idan ya buɗe wa wannan, gobe Tiwaa za ta daina biya, jibi Twumasi. Sannan ga waccan kunyar da ta koma fushi, tana zaune a ƙirjinsa tana jira.

"Boadu, sannu da zuwa. Yaya jiki?"

"Jiki da godiya. Buɗe mana, ƙafata ta gaji." Ya sake dariya.

"Akwai doka yanzu. Masu biya kaɗai ke shiga."

"To ai na ji. Amma ni ne fa."

"Doka ba ta san ni ne ba." Agyekum ya gyara murya irin ta mai alheri. "Amma ba matsala. Idan kuɗin ne babu, ka faɗa nan gaban jama'a, ni zan biya maka. Ka ce, Nana, ba ni da shi. Shi ke nan, ka shigo."

Jama'a, akwai kyautar da mari ya fi ta daɗi. Mutumin da ya sayar da motarsa don ya rayu, wanda matarsa ke ciyar da gida da tallan wake da shinkafa, shi za ka ce ya tsaya gaban abokansa ya furta ba shi da shi?



Can Boadu ya ce, "A'a, Agyekum. Ka bar kuɗinka. Ba roƙo na zo ba. Na gaji da kallon silin ne, na ce bari in zo in ji muryoyinku. Daga nan ma ina ji. Akwai dutse a nan gefe, zan zauna."

Jaruminsa ya juya, ya je gindin wata bishiya kusa da ƙofa, ya zauna a kan dutse.

"Kai, Agyekum," in ji Tiwaa, ba ta ma ce Nana ba, "da a gabana kake da na watsa maka ruwan wankin kifi. Allah wadaran sarautar da ba ta wuce fuskar waya ba."

Ta tashi daga kujerarta, ta fita, ta je ta zauna kusa da Boadu.

Daga ranar abin ya fara zubewa. Da wata ya ƙare Tiwaa ba ta sabunta ba, haskenta ya mutu, ta koma mai rigar toka. Twumasi ya bi ta. Wasu suna biya amma ba sa shiga zaure, sai su wuce kai tsaye gindin bishiya. Duk Lahadi taron waje na ƙaruwa, na ciki na raguwa. Har yaran nan masu rawa suka fara zama a gefe, don Boadu ya iya labarin fasinjoji, ya iya kwaikwayon muryar ɗan sanda mai neman na goro.

Agyekum yana hawa hasumiya ya leƙo su. Daga can ba a jin magana, sai dai ya ga alamar dariya na tashi a kan kawunansu. Ya san duk labaran. Wasu ma yana cikin motar aka yi su.

Wata rana Tiwaa ta kira shi.

"Ka san ranar da aka masa wanki ba ya iya ko ɗaga kofi? Amma Lahadi sai ya sa matarsa ta jingina masa waya da matashi. Sauko ka zauna da mu. Ba sai ka ce komai ba."

"Shi ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To idan yana son magana da ni ya san lambata."

"Kai dai anya uwa ce ta haife ka?"

Ta kashe.

Sauran waɗanda suka rage a ciki suka fara tambayarsa, "Nana, anya biyan nan yana da amfani kuwa? Zauren ya zama kamar coci ranar Talata." Shi ma duk ƙarshen wata idan saƙon sabuntawa ya shigo sai ya daɗe yana kallonsa. Ya san idan ya daina, fada za ta rushe, ya sauko ƙasa ya zama kamar kowa. Wani sashe na zuciyarsa na cewa to sai me? Ai can ɗin ne mutane suke.

Sai kamfani ya kawo tayi: wanda ya biya na shekara guda a dunƙule, za a ƙara masa haske, ya fi na kowa. Agyekum bai ko yi shawara da matashin kansa ba. Ya biya. Ya kuma rubuta a allon sanarwar ƙungiya da manyan baƙaƙe cewa Nana ya biya shekara cur, masu jiran fada ta faɗi su nemi wurin zama.

Daga nan ya sauko, ya zagaya ta gaban ƙofa da gangan, haskensa na dukan ganyen bishiya. Boadu ne kaɗai ya ɗaga hannun jaruminsa ya gaishe shi.

Agyekum ya yi kamar bai gani ba.

A ransa ya riga ya tsara komai. Zai buɗe ƙofar, ai ba dutse ba ne shi. Amma sai Kirsimeti. Zai sayi akuya, ya je Tafo da kansa, ya ce, "Kai direban banza, tashi mu koma fada." Za a yi dariya, a ce Nana mai tausayi. Kafin nan dai bari su ɗan ji a jikinsu, su san ƙungiya tana da shugaba.

Kullum mai girman kai yana da ranar da ya ware don yin kirki. Matsalar ita ce shi kaɗai ya san da ranar.

Wata safiya yana shago yana ciniki da wani makanike, sai ya ga Tiwaa tsaye a bakin ƙofa. Ba ta taɓa zuwa shagonsa ba. Baƙin zane ne a jikinta, da jan ƙyalle a ɗaure a kai, irin shigar makoki.

Bai tambaya ba. Ƙarfen da ke hannunsa ya faɗi.

"Boadu. Jiya da yamma," in ji ta. "Na ce ba zan faɗa maka ta waya ba. Ina so in ga fuskarka."

"Amma... ai ranar Lahadi na gan shi. Yana zaune."

"Eh, yana zaune. A waje."

Ta juya ta tafi. Makaniken ya tattara kayansa ya sulale.

Dangi suka sa ranar zaman cikar mako da rasuwa, inda za a taru a yi kuka a tsayar da ranar jana'iza. 'Yan ƙungiya na ƙasashen waje ba za su iya zuwa ba, don haka aka ce bayan an tashi daga gidan makoki za a sake zama a cikin wasa, kowa ya samu ya yi ban kwana.

Da Agyekum ya ji haka sai ya ruga ya buɗe ƙofar fada. Ya cire dokar. Ya goge sanarwarsa. Ya rubuta cewa zaure a buɗe yake ga kowa da kowa, a zo a yi zaman a inda marigayi ya gina da hannunsa. Ya zauna yana jira.

Ba wanda ya shigo.

Ya hau hasumiya ya leƙa. Tudun ya cika. 'Yan Beguwa na da da na yanzu, 'yan wasu ƙungiyoyi, har da yaran nan masu rawa. Kowa ya rina rigar jaruminsa baƙa da ja, yadda ake yi wa wanda ya tafi da sauran kwanansa a gaba. Sun zagaye dutsen. Ba wanda ya zauna a kai.

Agyekum ya rina tasa rigar baƙa, ya sauko.

Amma hasken bai san makoki ba. Yana tafe yana walƙiya, zinare na zuba daga kafaɗunsa, ƙasa na haskawa duk inda ya taka. Da ya shiga cikin taron sai baƙaƙen rigunan mutane suka koma ruwan ɗorawa. Twumasi yana tsakar ba da labarin yadda Boadu ya taɓa kai mahaifiyarsa asibiti bai karɓi ko sisi ba, sai ya katse labarin.

"Wane ne wannan?" in ji wata murya da Agyekum bai sani ba. "Biki aka ce masa ana yi?"

"Nana," in ji Twumasi a hankali, "kashe abin nan. Ko a ƙauyenku ba a zuwa makokin matashi da zinare. Ba tsoho ne ya mutu ba."

"Ina zuwa. Yanzu zan kashe."

Ya shiga duba ko'ina. Babu wurin kashewa. Kamfani bai taɓa tunanin wanda ya sayi haske zai so ya ɓoye shi ba. Hanya ɗaya ce, mutum ya daina biya.

A nan amsar tambayar da ta yi watanni tana cin sa ta zo da sauƙi. Fada ta rushe, sarauta ta tafi, komai ya tafi. Ya danna soke biya. Aka tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

Sai saƙo ya fito: an karɓi buƙatarka. Tunda ka riga ka biya na shekara, za ka ci gaba da morar haskenka har ƙarshenta. Mun gode da amincinka.

Ya sake dannawa. Saƙon bai canja ba.

"Ba ya kashuwa," ya ce, muryarsa ta karye. "Na rantse na soke. Ba ya kashuwa. Ku yi haƙuri, ku bar ni in tsaya a baya."

"Ko a baya ka tsaya kana haska mu," in ji Tiwaa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. "Ka biya kuɗinka, ka samu abin da ka saya. Tafi da shi. Bari mu binne ɗan'uwanmu."

Ya ja da baya, ya ƙara ja, har sai da hasken ya bar kan mutum na ƙarshe. A daidai wurin kuwa murya ba ta kaiwa. Ya tsaya can yana ganin alamar kuka na tashi a kan kawunansu, bai ji kalma ɗaya daga abin da aka faɗa a kan amininsa ba.

To ka san mutanenmu da jana'iza. Agyekum ya ce a nan zai gyara. Shi ya ɗauki rumfuna, shi ya ɗauki kujeru, shi ya kawo makaɗa da masu sanyaya abin sha. Ya sa aka buga hoton Boadu ƙato, ya fi ƙofar gidan tsayi. Dattawan dangi suka karɓa da hannu biyu, don hidima ta yi musu yawa. Ranar Asabar, ranar jana'izar, mai sanarwa ya riƙe lasifika yana ta kwarara kirari: "Babban aminin marigayi! Ɗan'uwan da uwa ba ta haifa ba! Owura Agyekum na Suame!" Owura a yarensu kamar a ce Malam ne.

Baƙi suka yi ta jinjina kai suna cewa wannan shi ne aboki. Agyekum ya bi layi daga dama yana gaisawa da dangi hannu da hannu. 'Yan Beguwa na zaune rukuni guda cikin zane iri ɗaya da Tiwaa ta zaɓo. Ba wanda ya gaya masa an yi anko. Duk lokacin da lasifika ta ambaci sunansa sai su sunkuyar da kai.

Bayan an watse da 'yan kwanaki, ya je gidan. Tafiyar da ya kasa yi mutumin na da rai, ga shi ya yi ta, ko gumi bai yi ba.

Ya tarar da Dufie, matar Boadu, zaune a tsakar gida cikin baƙaƙen kaya tana tsince wake. Tun ranar aurenta Akonta take kiransa, wato ɗan'uwan miji, tana tsokanarsa da cewa tuzuru ne mai rowar nama. Yau ta ɗago ta ce, "Owura Agyekum, sannu da zuwa," kamar mai karɓar kuɗin wuta ne ya shigo. Ta sa aka ba shi kujera da ruwa.

"Mun gode da hidima," ta ce. "Rumfunan sun yi kyau."

"Dufie, don Allah bar maganar rumfa."

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ya daɗe yana juya kofin a hannu. So yake a ce masa Boadu ya yafe. In ma ba haka ba, a ce ya zage shi, ya tsine masa, ya bar masa saƙo mai zafi. Ko wanne ne zai ɗauka ya tafi da shi.

"Ya... ya yi maganata kafin ya tafi?"

Dufie ta dakata. Ba mace ce mai ƙarya ba, kuma ba mai mugunta ba ce. Ta yi tunani sosai, kamar mai son ta ba shi daidai abin da ya tambaya.

"Da farko kullum," ta ce. "Ko babur ya tsaya a waje sai ya ce in leƙa, wataƙila Agyekum ne. Ranar da kuka yi abin ƙofar nan ma kare ka ya yi. Ya ce ba su san ka ba ne, kwana biyu za ka huce, da kanka za ka zo."

Agyekum ya runtse ido. "Daga baya fa?"

"Daga baya ya daina sa ni leƙawa."

"Amma a ƙarshe? A asibiti? Bai ce komai ba?"

"Ya yi magana da yawa. Ya kira sunan Tiwaa. Ya ce a gaida na Hamburg. Har wani yaro mai rawa a wasan naku ya ce a ba shi takobinsa." Ta zuba waken da ta tsince a kwano. "Kai dai bai ambace ka ba. Ba fushi yake ba, Owura. Da fushi ne da na gani. Ina jin kawai ka fita daga ransa ne."

Agyekum ya ajiye kofin a ƙasa. Dufie ta jawo wani tiren waken ta ɗora a cinya.

"Ka gaida gida," ta ce.

Darasi: Kuɗi na iya saya maka matsayi, amma ba ya saya maka wanda zai yi murnar ganinka. Duk abin da kake biya don ka fi mutanenka, wasa ne ko ba wasa ba, tsaya ka tambayi kanka wa yake hanawa zuwa kusa da kai. Kuma alherin da ka ajiye sai wata rana, ka sani mai jiransa ba zai jira har abada ba: ko mutuwa ta ɗauke shi, ko ya gaji ya cire ka daga zuciyarsa tun yana numfashi. Idan akwai wanda ka bari a bakin ƙofa, tashi ka je yau, rumfar jana'iza ba ta gyara komai. Ku tura wannan ga 'yan'uwa da abokai, musamman wancan mai taurin kan da kuka sani, wataƙila shi bai makara ba tukuna.